Katin Majiyyaci da Masu Bincikensa a Birnin Kano

Ƙofar Na'isa, wadda mutanen dā suka sani da Ƙofar Dogo, tana daga cikin ƙofofin kudu na ganuwar Kano, tsakanin Ƙofar Ɗan'agundi da Ƙofar Gadon Ƙaya, kuma masana tarihin birni suna danganta gininta da ƙarni na 15. Ta daɗe a tsaye bisa tsohon gininta na ƙasa har shekarar 2010, sa'ad da aka rushe ta domin faɗaɗa hanya, aka gina wata a gurbinta. A zamanin da ganuwa ke da amfaninta, Sarkin Ƙofa shi ne mai rufewa da almuru, mai buɗewa da asuba, wanda kuma ya wajaba a kansa ya san abin da ya shiga birni da abin da ya fita. Yau ba mai tsare kowa a bakinta, amma wanda ya tsaya nan da sassafe zai ga mata da goyo da tsofaffi da sanda suna neman abin hawa zuwa asibiti, ko wanne da ɗan kati a cikin leda ko a ƙasan jaka, wanda ya yi laushi saboda yawan naɗewa. Tarihin wannan kati nake so in bi, da tarihin sana'ar mutanen da aka ɗora wa nauyin bincika ko abin da aka rubuta a kan majiyyaci ya yi daidai da abin da ya same shi, domin sana'a ce da jama'a ba su cika sanin da ita ba, alhali kuwa Kano ta sha biyan diyya mai tsada a duk lokacin da aka yi sakaci da ita.

Kafin zuwan Turawa birnin nan ba ya rasa masu magani. Akwai wanzamai masu ƙaho da kaciya da cire belu, akwai maɗora masu gyaran karaya da targaɗe, akwai ungozomomi, akwai masu saiwoyi da sassaƙe a Kasuwar Kurmi, ga kuma malamai masu ɗibbu waɗanda ke adana fa'idojinsu cikin kundi, suna gadar da shi ga 'ya'ya da almajirai. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da kansa ya wallafa risaloli a kan magunguna, har da wadda ya keɓe ga ciwon basir. Sai dai idan mutum ya yi nazari zai ga cewa abin da magabatanmu suka rubuta shi ne magani. Shi majiyyacin, watau wane ne shi, da me ya zo, me aka ba shi, yaya kuma ya ƙare, wannan ba a rubuce yake ba, yana ƙirjin mai magani ne da bakin mutanen unguwa. Unguwa kuwa ba ta mantuwa, maɗorin da ya bar ƙafa a karkace ba ya sake ganin ciniki a lungun, kuma fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukan birni, musamman Muhtasar na Halil, ya tabbatar da lamuni a kan mai maganin da ya yi aiki da jahilci ko ya gaza wajen abin da ya kamace shi. Hukuncin yana nan sarai, amma hujjar da alƙali zai dogara a kanta ba ta wuce shaidar baki da rantsuwa ba.

A wasu biranen Musulunci an riga an wuce wannan matsayi tun da jimawa, kuma ina ganin ya kamata ɗaliban lafiya na ƙasarmu su san haka, don kada su ɗauka binciken takardun asibiti baƙon abu ne da aka ɗora mana daga waje. A shekarar 931, bayan wani mutum ya mutu a Bagadaza ta dalilin kuskuren mai magani, Halifa Muƙtadir ya umarci muhtasibi, watau shugaban hisba, da ya hana kowa yin aikin likita sai wanda likita Sinanu ɗan Sabitu ya jarraba ya ba shi izini, aka kuwa jarraba mutum wajen 860. Abin da ya fi wannan ban sha'awa shi ne tsarin da malamin Masar Ibnul Ukhuwwa, wanda ya rasu a 1329, ya bayyana cikin littafinsa na hisba mai suna Ma'alimul Ƙurba: likita idan ya shiga wurin mara lafiya ya yi masa tambayoyi, ya rubuta abin da ya umarta a ba shi, ya bar kwafi a hannun danginsa da shaidar waɗanda ke wurin, kashegari ya dawo ya sake dubawa ya sake rubutawa, haka har mutumin ya warke ko ya cika, in ya warke likita ya karɓi ladarsa, in kuwa ya rasu sai dangi su kwashi takardun su kai wa babban likitan gari, shi kuma ya auna su da ƙa'idar ilmin, in ya ga ba sakaci ya ce ajali ne, in ya ga akasin haka ya ce su nemi diyya. Duk ginshiƙan sana'ar yau suna cikin wannan bayani: rubutu a lokacin da abin ke faruwa, kwafi a hannun wanda ba likitan ba, da mai bincike wanda ya san aikin amma ba shi ya yi ba. Ita ma Kano ba ta jahilci ƙimar hisabi ba, gama cikin nasihar da Shehu Magili ya rubuta wa Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarshen ƙarni na 15 ya lissafa magatakarda da masu ƙididdiga cikin ma'aikatan da mulki ba ya tsayuwa sai da su. Amma wannan hisabi na dukiya ne, bai kai ga shimfiɗar majiyyaci ba.

Da kati ya shigo Kano, ta ƙofar baitulmali ya shigo. Hukumar En'e, wadda a lokacin ke tara haraji da jangali tana kashewa bisa kasafi, ita ce ta gina Asibitin Birni kusa da Ƙofar Mata wajen 1927, a farkon sarautar Sarki Abdullahi Bayero, asibitin da yau ake kira da sunan Murtala Muhammad. Kuma tun da kowane kwabo da aka kashe sai an ba da bayaninsa, sai ya zama dole a san mutum nawa suka zo, kwalabar magani nawa ta fita daga sito, gado nawa aka kwanta a kai. Malamin asibiti ya zama mai rajista kafin ya zama komai, mai bincike na farko da ya fara buɗe littattafansa kuwa odita ne, wanda damuwarsa kada a saci kinin, ba wai ko kinin ɗin ya dace da ciwon ba. Wannan asali ya bar tabo a kan sana'ar har gobe, domin ma'aikata da yawa sun tashi suna ganin rubutu aiki ne da ake yi saboda tsoron na sama.

A gefen ganuwa ta kudu, kan titin da ya bi ta gaban Ƙofar Na'isa wanda yanzu ake kira titin BUK, akwai Makarantar Koyon Tsafta da aka kafa a 1932, inda aka horar da duba-gari na lardunan Arewa. Tsofaffin matan birni ba su manta da su ba: mutum ya yi sallama da kakinsa da littafinsa, ya leƙa randa ya ɗebo ruwa ya ɗaga shi ga haske yana neman tsutsar sauro, ya duba masai da kwata da makwararar ruwa, ya rubuta, in abin ya yi muni a yi sammaci. An ji tsoronsu, an kuma yi ƙorafi da su, amma sun koya wa gari wani abu da ba a saba da shi ba, watau cewa faɗar mai gida ba ta wadatar, sai an gani da ido an rubuta. Irin wannan tahƙiƙi ne ya yi aiki a yaƙin kawar da agana tsakanin 1967 da 1970, lokacin da ake tura wata ƙungiya dabam ta bi bayan masu rigakafi, ba ta tambayar adadin da suka rubuta, sai dai ta tara yara ta ɗaga hannun riga ta ƙirga tabo a dantse. In takarda ta ce an yi wa kowa, dantse kuwa ya ce ba haka ba, maganar dantse ake ɗauka.

Su kuwa lambobin da ake ba cututtuka a cikin fayil daga Turai suka taso. A 1893 wani Bafaranshe mai ilmin ƙididdiga, Jacques Bertillon, ya gabatar da jerin dalilan mutuwa wanda ƙasashe suka yi ittifaƙi a kansa, ana bitarsa lokaci lokaci, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta karɓi ragamarsa a 1948 ta haɗa da cututtukan da ba su kai ga kisa ba. Bugu na 10 ya fara aiki a 1994, na 11 kuma a Janairun 2022. A bugu na 10 kwalara ita ce A00, ƙyanda B05, sikila D57, sanƙarau na annoba A39.0, manufar kuwa ita ce abin da likita ya rubuta a Kano da abin da wani ya rubuta a Alƙahira su shiga ma'auni ɗaya. Kada kuma a zaci a ƙasashen Turawa an fara da kyau: da Ƙungiyar Likitocin Tiyata ta Amurka ta fara zagayen duba asibitoci a 1918, cikakken rubutu a kan kowane majiyyaci yana cikin sharuɗɗanta, asibiti 89 kaɗai cikin 692 suka tsallake. A Nijeriya sai a 1989 aka yi dokar da ta kafa hukumar rajistar jami'an adana bayanan lafiya, ta mai da aikin ɗakin kati sana'a mai jarrabawa da lasisi, ko da yake har yanzu mutane da yawa ba su san su da komai ba sai yankar kati ta taga.

Aikin mai binciken fayil ya yi kama da muƙabalar da malamanmu ke yi wa littafin da aka kwafa, ɗaya na karanta asali, ɗaya na bin kwafi da yatsa, ba a sa hannu sai an kai ƙarshe. Ba ya iya karanta fayil dubu, don haka yakan zaɓi wasu ba tare da ya bari ma'aikatan wurin sun zaɓar masa ba. Ya buɗe ya ga ko suna da lamba da shekaru sun yi daidai a kowane shafi, domin a garin da Musa da A'isha da Fatima suka cika rajista, shigar sakamakon gwajin wani cikin fayil ɗin wani ba abin mamaki ba ne. Ya duba ko kowane rubutu na da kwanan wata da lokaci da sa hannun da za a iya gane mai shi. Ya bi kukan da majiyyaci ya zo da shi, da abin da likita ya gani, da cutar da ya ambata, da maganin da ya rubuta, da takardar nas wadda ke nuna an ba da shi ko ba a bayar ba, ya ga ko suna gaskata juna. In ya tarar an rubuta zazzaɓin cizon sauro da taifot tare, an ba da allurai, alhali babu sakamakon gwajin jini ko ɗaya a ciki, ba zai ce likita ya yi ƙarya ba, zai ce babu hujja. Kuma bambancin B50, wadda ke fayyace nau'in ƙwayar, da B54, wadda ke nufin ba a fayyace ba, shi ne bambancin asibitin da ya duba da wanda ya yi ƙiyasi. In ya ga allurar ƙarfe biyu na dare da ta shida na safe da ta goma duk an sa musu hannu da biro ɗaya da salon hannu ɗaya, ya san an cike su ne a zama guda. Kuskure kuwa in an yi shi, ƙa'ida a ja masa layi ɗaya yadda zai karantu, a rubuta gyara a gefe da kwanan wata. Gogewa ko shafewa ita ce ke tayar da zargi.

Ban san wani abu da ya nuna nauyin waɗannan ƙananan ƙa'idoji kamar abin da ya faru a 1996 ba. A bazarar wannan shekara annobar sanƙarau ta kashe fiye da mutum 11,000 a Nijeriya, Asibitin Cututtuka Masu Yaɗuwa na Kano, wanda jama'a ke kira Asibitin Zana, ya cika ya batse, iyaye na kwance da 'ya'yansu a ƙasa. Cikin wannan hali kamfanin Pfizer ya gwada sabon maganinsa Trovan a kan yara: 200 aka ɗauka, wajen rabi aka ba su sabon, sauran aka ba su wani sanannen magani, yara 11 suka rasu, 5 a ɓangaren farko, 6 a na biyu, wasu kuma suka tashi da nakasa. Kamfanin ya tsaya a kan cewa cutar ce ta kashe su, cewa maganin ya ceci rayuka, kuma cewa an yi wa iyaye bayani da Hausa sun yarda da baki. Iyaye da yawa kuwa suka ce ba su san gwaji ake yi ba. Da akwai takardar amincewa mai sa hannu ko dangwale, da shaida a gefe, da wannan jayayya ba ta ɗauki fiye da shekara goma ba, amma babu.

Akwai kuma takarda ɗaya da ta zama abin karatu ga duk mai wannan sana'a, watau wasiƙar da aka gabatar a matsayin izinin kwamitin ɗa'a na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, mai ɗauke da kwanan watan Maris 1996. Da jaridar Washington Post ta bi diddigi a ƙarshen 2000 da farkon 2001, sai shugaban asibitin ya bayyana cewa a lokacin da wasiƙar ke ikirarin an rubuta ta asibitin ba shi da irin wannan kwamiti tukuna. Ba wani ilmi mai zurfi ne ya tona wannan ba, tambaya ce guda wadda kowane mai bincike ke yi wa kowace takarda: yaushe aka rubuta ki, kuma wanda aka ce ya rubuta ki yana nan a ranar? Gwamnatin Tarayya ta kafa kwamiti ƙarƙashin Dokta Abdussalami Nasidi, ya gama rahotonsa a 2001, amma rahoton bai fito fili ba sai 2006, kuma wannan jinkiri a ganina laifi ne mai zaman kansa, domin binciken da aka kulle a durowa bai amfani kowa ba. A 2009 aka yi sulhu da Gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75 ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba. Da aka zo biyan diyya, waɗanda suka fito sun zarce 200 nesa ba kusa ba, sai da aka koma ga gwajin ƙwayar halitta kafin a tantance, kuma sai a Agustan 2011 iyalai huɗu na farko suka karɓi dala 175,000 ko wannensu, shekara 15 bayan rasuwar 'ya'yansu.

Amanar da ta karye a nan tana cikin dalilan da mutane suka riƙa kawowa sa'ad da Kano ta dakatar da rigakafin shan inna a 2003, ba a koma ba sai ƙarshen Yulin 2004, cutar kuwa ta tsallaka zuwa ƙasashe kusan 20. Bayan an dawo sai wata matsalar rubutu ta bayyana: takardun ƙirga suna nuna an ɗiga wa kusan kowane yaro, amma yara na ci gaba da shanyewa. Daga nan aka tsananta bin sawu. Wanda ya ratsa lungunan Ƙofar Na'isa a waɗannan shekaru ya ga rubutun alli a jikin ƙyaure da katangar zaure, kwanan wata da lambar ƙungiya da adadin yaran gidan da waɗanda aka samu, ya kuma ga tawada a farcen ɗan ƙaramin yatsan yara. Masu sa ido na dabam sukan zaɓi yara 60 a ƙaramar hukuma su duba yatsu, in waɗanda aka tsallake sun yi yawa a sake zagayen, daga baya ma aka ba ƙungiyoyi wayoyi masu nuna inda ƙafarsu ta taka. Shan inna na daji na ƙarshe a Jihar Kano an same shi a Sumaila a Yulin 2014.

Inda har yanzu muke da babban giɓi shi ne rubuta dalilin mutuwa. Addininmu ya umarce mu da gaggauta jana'iza, wannan kuwa alheri ne, amma bai hana a rubuta ba. A Afrilun 2020, da mace-mace suka yawaita a birni, masu haƙar kabari ne suka fara faɗa, domin su ne kaɗai ke da ƙirga; sai daga baya aka bi gida gida ana tambayar iyalai yadda mamacin ya yi jinya, Ministan Lafiya Osagie Ehanire ya sanar a watan Yuni cewa an ƙirga mutum 979 a ƙananan hukumomi takwas na birni, fiye da rabinsu a gida suka cika, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari mai yiwuwa korona ce sanadi. Ko waɗanda suka rasu a asibiti, sau da yawa abin da ake rubutawa shi ne zuciya ta tsaya, alhali kowane mamaci zuciyarsa ta tsaya; abin da ake nema shi ne cutar da ta faro lamarin, ita ce ake ba lamba, ita ce kuma ke gaya wa hukuma inda za ta kai likita da magani.

A 'yan shekarun nan kuɗi ya sake ɗaga darajar sana'ar. Inshorar lafiya ta ƙasa ta fara aiki a 2005, Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta wa kowane asibiti adana bayanan majiyyaci da tsare sirrinsa, Kano kuma ta yi dokar hukumar taimakekeniyar lafiya a 2016. Tun da yanzu asibiti ba ya karɓar kuɗin wasu ayyuka sai ya aika da bayanin abin da ya yi, sai ga masu tantancewa suna neman inda aka ɗora wa ƙaramin ciwo lambar babba, ko aka nemi kuɗin gwajin da ba a yi ba, ko aka kwantar da mutum a takarda alhali yana gidansa. Wannan ha'inci ne, kama shi kuma wajibi ne, gama dukiyar ma'aikata ce da ake yanka daga albashinsu. Amma ina jin tsoron kada mu koma gidan jiya, inda mai bincike bai damu da komai ba sai kwabo. Likitan da ke ganin mutum ɗari a zama ɗaya ba zai iya cika shafi ga kowa ba, mai binciken da bai rubuta wannan cikin rahotonsa ba, ya tsaya ga laifin ma'aikaci kawai, ya yi rabin aiki. Kwamfutar da ake shigowa da ita asibitoci kuwa tana hana ɓatan fayil, tana riƙe lokacin da aka yi kowane rubutu da sunan wanda ya yi, amma tana sauƙaƙa kwafe bayanin jiya a liƙa a yau ba tare da an taɓa majiyyaci ba. Abin da nake fata a gani shi ne kowane asibiti, har da ƙananan na unguwa, ya ware rana a wata da likita da nas da jami'in ɗakin kati za su zauna su buɗe fayilolin waɗanda suka rasu da waɗanda aka mayar wani asibiti, su karanta tare ba don neman wanda za a tozarta ba, sa'an nan a ba masu unguwanni da kwamitocin maƙabartu littafi da horo, yadda duk wanda aka kai makwancinsa za a rubuta sunansa da shekarunsa da ciwon da iyalinsa suka ce ya yi, a kuma riƙa kai littafin ga hukumar lafiya duk ƙarshen mako.